FILIN WRIGLEY NA SHIKAGO, INDA GUJIYA DA NAMAN SA KE CIN KASUWA

Shikago babban birni ne na ƙasar Amurka. Yana bakin wani tabki mai suna Mishigan. Tabkin nan ruwan daɗi ne, amma saboda girmansa mutum ba ya hangen ƙetare. Mutanen birnin sun kai wajen miliyan 2 da dubu 700. Baƙon farko da ya kafa gida da wurin ciniki a nan baƙar fata ne. Sunansa Jean Baptiste Point du Sable. Ya zauna wurin a shekarun 1780.

Sanyin Shikago ba irin na hunturun Tawa ba ne. Ruwa ya kan daskare, ƙanƙara ta rufe hanya. Sai watan Afrilu gari ke buɗewa. A lokacin ne a ke shiga kakar wani wasa da a ke ce ma besbol. Kamar yadda kokowa ta ke ga mutanen Nijar, haka besbol ya ke ga Amurkawa da yawa. Kaka ya kalla, uba ya kalla, jika ma yana kallo.

Tsohon fili cikin unguwa

A arewacin birnin akwai filin wasa mai suna Wrigley. An buɗe shi a 1914. Cikin filayen manyan ƙungiyoyin besbol na Amurka, ɗaya kawai ya girme shi, wato Fenway na birnin Boston, wanda aka buɗe a 1912. Ƙungiyar da ke da filin sunanta Cubs. Ta fara wasa a nan a 1916. A 1926 aka sa ma filin sunan mai ƙungiyar, William Wrigley, attajirin da ya yi arziki da sayar da cingam.

Filin ba bayan gari ya ke ba. Yana tsakiyar unguwa, gidaje sun kewaye shi. Mai zuwa kallo ya kan shiga jirgin ƙasa na cikin gari, ya sauka tashar Addison. Daga nan tafiya kaɗan ce a ƙasa. A bakin babbar ƙofa akwai wani jan allo mai ɗauke da sunan filin. Jama'a na tsayawa ƙarƙashinsa suna ɗaukar hoto. A ƙetaren hanya an jera kujeru bisa rufin benaye. Masu zama can ma biya su ke yi, su leƙa wasa ta bisa katanga.

Filin na ɗaukar mutum fiye da dubu 41. Tsakiyarsa ciyawa ce kore shar, an aske ta daidai wa daida. Katangar baya ta jan bulo ce. A 1937 aka shuka wata ciyawa mai yaɗo a gindinta, ta hau ta rufe ta duka. A watan Afrilu yaɗon ba shi da ganye. Da zafi ya shigo sai ya yi duhu. Wani lokaci ƙwallo ta kan shige cikin ganyen ta ɓace. Sai ɗan wasa ya ɗaga hannu biyu sama, alƙali ya yanke hukunci.

Bisa katangar akwai babban allon lissafi, shi ma na 1937 ne. Har yanzu da hannu a ke canza lambobinsa. Ma'aikata na cikin allon, suna hawan tsani, suna cire farantin lamba su sa wani. In an tashi wasa sai a ɗaga tuta. Fara mai harafin W na nufin masu gida sun ci. Shuɗiya mai harafin L na nufin an kayar da su. Mai wucewa cikin jirgin ƙasa, da ya ga tuta ya san labari.

Shekara 74 filin nan ba shi da fitilun wasan dare. Sai a watan Agusta na 1988 aka kunna su. Har yau a na yin wasanni da yawa da rana, ƙarfe 1 da minti 20. A lokacin nan ƙarfe 7 da minti 20 ne na maraice a Maraɗi. Su suna cikin rana tsaka, nan kuwa ana wajen magariba.

Yadda a ke wasan

Besbol wasan ƙwallo ne da kulki. Ƙungiya biyu ke karawa. Kowace na tsayar da mutum 9 a fili. Akwai masauki 4 da aka jera kamar kusurwoyin ɗaki. Tsakanin masauki da masauki mitir 27 ne. Mai jifa na tsayawa tsakiya bisa ɗan tudu, mitir 18 daga mai kulki. Gwanin jifa na sakin ƙwallo da gudun kilomitir 150 ko 160 a awa. Ta fi motar da ke bin hanyar Yamai gudu.

Mai kulki na ƙoƙarin bugun ƙwallo. In ya same ta sai ya yar da kulki ya sheƙa zuwa masauki na farko. Wanda ya kewaye masauki huɗu ya komo gida ya samo ma ƙungiyarsa ci ɗaya. In ya bugo ƙwallo ta tsallake katanga, sai ya kewaya a tsanake, ba mai tare shi. Amma in ya kuskure sau 3, ya fita. In aka cafe ƙwallonsa a sama, ya fita. In ƙwallo ta riga shi isa masauki, nan ma ya fita. Mutum 3 su ka fita, sai a yi musanya: masu bugu su koma tsaro, masu tsaro su zo bugu. Haka za a yi har zagaye 9.

Ƙwallon kamar lemun zaƙi ta ke, nauyinta wajen giram 145. An naɗe cikinta da zaren ulu, an rufe ta da fatar saniya. Ɗinkinta 108 ne, da jan zare, kuma da hannu a ke yin shi. Safar da masu tsaro ke cafe ƙwallo da ita ma fata ce. Ke nan ko a tsakiyar fili makiyayi na da hannu.

Kowace ƙungiya na yin wasa 162 a shekara, 81 a gida. Wasa ɗaya ya kan kusa awa 3. A 2023 aka sa agogo mai hana mai jifa jinkiri, wasa ya ragu da wajen rabin awa. Duk da haka zaman na da tsawo, kuma akwai hutu tsakanin zagaye da zagaye. Abin da ya sa ke nan ciki ke kira. A besbol kallo da ci tare su ke tafiya.

A da an hana baƙaƙen fata shiga manyan ƙungiyoyi. Jackie Robinson ya karya wannan shinge a 1947. Ranar da ya fara zuwa Wrigley a shekarar, mutum fiye da dubu 46 su ka cika filin. A 1953 Ernie Banks ya zama baƙar fata na farko da ya yi ma Cubs wasa. Yau siffarsa ta tagulla na tsaye wajen filin.

Kasuwar da ke ƙarƙashin kujeru

Wanda ya gina filin, Charles Weeghman, mai gidajen abinci ne. Ana cewa shi ya fara kafa rumfunan abinci na dindindin bayan kujeru, don kada masu talla su tare ma jama'a gani. Yau ƙarƙashin kujerun akwai wata doguwar rumfa da ta bi da'irar filin. Kasuwa ce sosai. Tun daga ƙofa ƙamshin soyayyar albasa ke tarbar baƙo.

Sarkin abincin wurin sunansa hot-dog. Da Turancin Ingila ma'anar sunan kare mai zafi. Kada mai karatu ya firgita, babu naman kare a ciki. Nama ne da aka niƙa, aka sa gishiri da kayan yaji, aka ɗura shi dogo kamar ayaba. Sai a dafa ko a gasa, a sa shi cikin burodi mai taushi da aka tsaga.

Mutanen Shikago na da nasu salo. Naman sa zalla ne. Bisa naman a na zuba abu 7: wani miya rawaya mai ɗan yaji da a ke ce ma mutar, yankakkiyar albasa, niƙaƙƙen kokwamba mai zaƙi, tsagin kokwamba mai tsami, tumatir, ɗan tonka, da gishiri mai ƙamshin ganye. Abu ɗaya ne ba su so a kai, wato jan miyan tumatir mai sukari na cikin kwalba. Baƙon da ya zuba shi, sai a san ba ɗan gari ba ne. Kamfanin Vienna Beef ya yi suna kan wannan nama. Wasu baƙi biyu daga Turai su ka fara sayar da shi a babban bajekolin Shikago na 1893.

Akwai kuma burodi da aka cika da naman sa yanka siri-siri, aka tsoma shi cikin romo. Akwai fiza, wato faifan burodi da cuku da tumatir a kai. Akwai soyayyen dankalin turawa. Akwai wani burodi mai gishiri da aka murɗa kamar dabaibayi. Akwai gugguru na masara. Akwai Cracker Jack, wato gugguru da gujiya da aka dama da maɗi. A Shikago aka ƙago shi, ya sami sunansa a 1896. Ɗanɗanonsa ya yi kusa da na alewar gujiya.

Sai ita gujiya kanta. Manyan kwanso ce, an jiƙa ta a ruwan gishiri, an gasa ta da ɓawonta. Mai talla na hawa yana sauka tsakanin kujeru yana kira. In mai saye na tsakiyar layi, sai a miƙa kaya hannu da hannu har ya isa gare shi. Ba wanda ke taɓa na wani. Ɓawo kuwa a ƙasa a ke zubarwa, ba laifi ba ne. A tsakiyar zagaye na 7 jama'a duka na miƙewa tsaye su rera wata tsohuwar waƙa ta 1908. Har cikin waƙar nan an ambaci gujiya.

Me baƙo zai zaɓa?

A nan ne mai hankali ke tsayawa ya yi tunani. Abu uku ke gabansa: addini, aljihu, da lafiya.

Na farko addini. Ba duk nama mai siffar ayaba ba ne naman sa. Akwai irin na Jamusawa da irin na mutanen Polan, su kan zo da naman alade. Fiza ma sau da yawa jan naman da ke kanta na alade ne. A ido duk ɗaya su ke. Sai an karanta allo, ko an tambayi mai sayarwa. Ko wanda aka rubuta naman sa zalla, wannan bai nuna yankan Musulmi ba ne. Wanda ke son zuciyarsa ta kwanta sai ya tsaya ga gujiya, gugguru, dankali, ko fiza mai cuku kaɗai. In naman halal ya ke so, akwai hanyar Devon a arewacin birnin. Can mahauta Musulmi da gidajen abincin mutanen Pakistan da Indiya su ke. Giya ma a na sayar da ita ko'ina cikin filin, amma ga wanda ya kai shekara 21. Kafin ƙarshen wasa a ke rufe sayar da ita.

Na biyu aljihu. Komi na cikin filin ya fi na kantin gari tsada ƙwarai. Dalili a fili ya ke. Wanda ya shiga ya shiga, ba wata kasuwa sai wannan. Mai rumfa kuma na biyan masu filin rabonsu. Tun 2021 ba a karɓar takardar kuɗi a Wrigley. Da katin banki ko wayar hannu a ke biya. Kuɗin da hannu bai ƙirga ba, ba a jin zafin fitarsu. Uba mai ƴaƴa 3 sai ya kashe ma abinci abin da bai yi niyya ba. Amma doka ta yarda mutum ya shigo da ɗan guzurinsa cikin ƙaramar leda, da gorar ruwa ta roba wadda ba a buɗe ba. Masu wayo na sayen gujiyarsu tun a waje. Da ma an ce, da rarrafe yaro kan tashi, kuma tattali ba rowa ba ne.

Na uku lafiya. Kusan duk abincin nan gishiri ya yi masa yawa. Gishiri na kawo ƙishirwa, ƙishirwa na kai mutum wurin mai lemu, lemu kuwa sukari ne. Ciniki ɗaya na jawo wani. Ga famfon ruwan sha kyauta a cikin rumfar, amma sai mai lura ke nemansa. Mai hawan jini da mai ciwon sukari su ne ya kamata su fi yin hattara.

Duk ukun nan karatu ke warware su. Sunan abinci a rubuce ya ke. Kuɗinsa a rubuce ya ke. Lambar kujera a rubuce ta ke bisa tikiti. Lissafin wasa ma lambobi ne. Wanda bai iya karatu ba, ko a Shikago ko a kasuwar Galmi, da idon wani ya ke gani.

Labarin bunsuru

Makiyaya za su so wannan. Ranar 6 ga Oktoba 1945 Cubs na karawar ƙarshe ta neman zama zakaran shekara. Wani mai gidan shaye-shaye ɗan asalin Girka, Billy Sianis, ya zo kallo da bunsurunsa. Ya sayi tikiti biyu, ɗaya nasa, ɗaya na bunsuru. Jama'a su ka yi kukan wari, aka fitar da su. Ana cewa ya fita cikin fushi, ya yi ma ƙungiyar baki cewa ba ta ƙara ci.

Cubs ta faɗi a karawar. Shekaru su ka yi ta wucewa ba ta sake kaiwa wasan ƙarshe ba. Mutane su ka ce bakin mai bunsuru ne. Har aka riƙa kawo awaki filin don a karya abin, a banza. Sai ranar 2 ga Nuwamba 2016 Cubs ta kayar da ƙungiyar Kilibilan da ci 8 da 7. Rabonta da wannan nasara tun 1908, shekara 108 ke nan. Ba akuya ta kawo nasarar ba. Sababbin shugabanni ne su ka nemo samari, su ka hore su shekara da shekaru. Camfi ba a Afirka kaɗai ya ke ba, kuma ko'ina maganinsa aiki ne.

Daga gona zuwa rumfa

Abincin filin nan ba daga sama ya faɗo ba. Jihar Ilinoy, inda Shikago ta ke, ƙasar masara ce da waken suya. Da su a ke kiwata shanu. Daga 1865 zuwa 1971 Shikago na da wata babbar kasuwar dabbobi da mahauta. Jirgin ƙasa ke kawo shanu daga nesa. A farko ƙazanta ta yi yawa cikin mahautan. Da labari ya fito fili a 1906, gwamnati ta kafa dokar duba nama. Tun daga nan ma'aikaci ke duba dabba kafin yanka da bayan yanka. Aikin nan ne ma'aikatan kiwo ke yi a kwatar garuruwan Nijar in sun buga hatimi bisa nama.

Gujiya kuwa asalinta Amurka ta Kudu. Turawan Fotigal su ka kawo ta Afirka. Daga Afirka ta ƙetara zuwa Amurka ta Arewa a zamanin cinikin bayi. Da fari abincin talaka ce da dabbobi. Wani masani baƙar fata, George Washington Carver, ya yi ta koya ma manoman kudu su riƙa musanya kaɗa da gujiya, don gujiya na maido ma ƙasa ƙarfi. Yau jihar Jojiya ke noma wajen rabin gujiyar Amurka. Jimmy Carter, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1977 zuwa 1981, manomin gujiya ne na wannan jiha.

Dattawan Maraɗi da Damagaram sun san zamanin gujiya. A shekarun 1960 ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Farin 1973 da cutar da ta faɗa ma gujiya a 1975 su ka karya wannan kasuwa. A zamanin nan ɗanya a ke loda mafi yawanta zuwa Faransa. Ribar tatsar mai da ta ƙunshewa can ta ke zama.

A rumfar Wrigley ga abin da ido ke gani. Gujiyar nan ba ta fi ta gonar Matamai asali ba. Abin da aka ƙara mata shi ne zaɓe, shanya mai kyau, gashi, gishiri, da ƙunshi mai tsabta mai ɗauke da suna da nauyi. Waɗannan ne su ka ninka kuɗinta. Fatar ƙwallo ma haka. Majemi ba ya son fatar da wuƙa ta huda, ko wadda lalas ya ƙona a tsakiya. Mai jar akuyar Maraɗi ya riƙe wannan.

Nijar ma na da nata filin taro. Tun 1975, da aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, kowace jiha ke karɓar baƙi bi da bi. Dubban mutane na zama cikin rana kwana da kwanaki, kuma dole su ci. Ga kilishin Madawa, ga albasar Galmi, ga cukun makiyaya, ga ƙuli-ƙulin matan karkara, ga tsire da balangu. Ba abin da Shikago ta fi su ɗanɗano. Abin da ya rage shi ne a rufe abinci daga ƙura da ƙuda, a wanke hannu, a auna da gaskiya, a rubuta kuɗi bisa allo kowa ya gani. Ƙungiyar mata ko ta manoma da ta iya karatu da lissafi za ta iya yin wannan da kanta, riba ta zauna cikin gari.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya raya dabbobi, ya ƙara ma masu koyon karatu ƙwazo.